Muryar Amiru a Hannun Ɓarayi

Kaduna, ƙarshen damina

Zuwa ga Kawuna, Alhaji Malami Mai Wake, Sabon Birni.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Inna Fadima da sauran mutanen gida. Ni ce Naja'atu, ɗiyar Halimatu ta Isa, wadda ka saya wa akwatin ƙarfe lokacin da za ni makarantar kwana. Lafiyata lau, sai ciwon ido na yawan kallon kwamfuta. Na nemi layinka har na gaji, sai Mama ta ce tun da aka yanke sabis wajenku sai dai takarda. Shi ya sa na ba Is'haƙa direba ya kai mata Isa, ita ta san wanda za ta ba.

Kawu, ka san aikina tsaron kwamfutocin kamfanoni ne. Akwai wani lungu na intanet da ake ce wa dak web. Ba a shigarsa ta hanyar da kowa ke bi, kuma masu shiga ba sa nuna fuska. Kasuwa ce ta kayan sata, sai dai abin da ake kasawa a can sunayen mutane ne, da imel ɗinsu, da kalmomin sirrinsu. Cikin aikinmu har da leƙawa can mu ga abin da aka baje.

Makon jiya aka baje wani tari da aka kwaso daga wani kamfanin jigilar kaya. Ina dubawa sai na ga imel ɗin shagonka, ga kalmar sirrinka a gefensa a fili. Sunan ɗanka Yaya Amiru ne, Allah ya jiƙansa, da shekarar haihuwarsa. Sai da na tashi daga kujera na fita waje.

Abin da nake tsoro shi ne kada a ce kalmar nan ɗaya ce kake buɗe komai da ita: imel, da shafin ciniki, da layin da kake hira da masu saye. In haka ne, duk wanda ya sayi tarin nan ya sayi makullin shagonka. Ina roƙonka, duk inda za ka samu sabis, ko layin Nijar ne, ka je ka cire kalmar nan ka sa wata wadda ba suna ba ce. Kada ka bari a kwana biyu.

Ka gaishe mini da Inna. Allah ya tsare ku.

'Yarka, Naja'atu

*

Sabon Birni, farkon kaka

Zuwa ga ɗiyata Naja'atu.

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na gode da tunawa. Muna nan lafiya gwargwado. Innarki ƙafa ta matsa mata amma tana tashi. Wake ya yi kyau bana wajen Unguwar Lalle, sai dai manoma suna tsoron kai wa gonakin nesa. Ki rage kallon wagga kwamfuta, ido ba ya da na canji.

To, zancen da kika kawo. Na karanta sau biyu, na ninke, na sa aljihu.

Naja'atu, aji uku na sakandare na tsaya. Da keke na fara, buhu guda bayan sirdi, daga Unguwar Lalle zuwa kasuwa. Yau ki tafi Maraɗi ki ce Malami Mai Wake, ko mai shayi za shi nuna maki inda motata ke tsayawa. Ban kai nan da barin ƙofa buɗe ba. Na yi ciniki da 'yan damfara tun uwarki ba ta yi wayo ba, ina ganin mutum na san abin da ke cikin buhunshi. Yanzu kuma wasu da ba su san hanyar Kurawa ba, suna zaune cikin wani duhu, su ne za su cinye ni? Mi za su yi da mai sayar da wake da dusa? Su tafi ga masu banki.

Awo, gaskiyarki, kalma guda ce ga komai. Kai guda gare ni.

Amma ba wannan ya tsaya mani a rai ba. Kin ce in cire. Haka kika rubuta, in cire in sa wata, kamar ana maganar tayar mashin. Ke ɗiyar gidanmu ce, kin san ban taɓa kiran sunan yayanki da bakina ba. Ɗan fari ne. Ko ranar suna da liman ya faɗa, ƙasa na duba. Ya girma ina ce mashi kai, ko wanga yaro. Ranar da ya buɗe mani waɗannan abubuwa ya ce, "Baba, sa kalmar da ba za ka manta ba, wadda kuma ba ka taɓa faɗa wa kowa ba." Na karɓi wayar na rubuta. Ya leƙa, ya yi dariya har ya ƙware. Tun daga ranar nake rubuta sunan nan da yatsana, nan kawai nake da shi.

Kuma cikin ajiyar imel ɗin nan ya tara dut saƙonnin murya da yake aiko mani daga hanya. Wayarshi ta tafi tare da shi ranar da aka tare motarsu hanyar Isa. Tawa ƙarama ce, ba ta riƙe kaya, ya ce in bar su can ba sa ɓacewa. Kafin a yanke sabis, ranar Juma'a innarki kan zo ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Wayar nan tana da caji?" Ita ma ba ta iya cewa kunna mani ɗana. Sai in kunna, ta juya baya tana gyaran tabarma har a gama. Yanzu in kewa ta dame ni mashin nake hawa zuwa tudun da ake kama layin Nijar, in saurara, in dawo.

Shi ya ɗaura abin da sunanshi. In na cire sunan, abin da ke ciki ya bi shi. Wannan ko ban yi jami'a ba na sani. Ba ni cirewa.

Kuma ki yi mani alfarma ki bar leƙen abin da ba a nuna maki ba. Ban ji daɗin cewa kin gani ba.

Ki gaida abokan aikinki.

Kawunki, Alhaji Malami

*

Kaduna, ranar da takardarka ta iso

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan ƙafar Inna ta yi sauƙi. A shafa mata man kaɗanya da ɗumi, haka Mama ke yi.

Na yi kuka da na karanta takardarka, kuma laifina ne da ban yi bayani sosai ba. Wallahi ban san muryarsa tana ciki ba. Kawu, ka saurare ni don Allah. Canja kalmar sirri ba ya taɓa abin da ke cikin ajiya. Kamar ka canja kwaɗon sito ne, buhunan suna nan inda suke. Ko murya ɗaya ba za ta ɓace ba. Abin da zai ɓatar da ita shi ne wani ya riga ka canjawa, ya bar ka a waje.

Ga abin da za ka yi. Ka sayi katin memori a kasuwa. Ka hau tudun nan, ka fara sauke muryoyin duka a kan katin, ka ba Inna ta ajiye cikin adakarta. Bayan nan ka canja kalmar. Kowace ƙofa da kalmarta, kada biyu su zama ɗaya. Sannan ka duba lambar da aka sa ta neman taimako in an manta kalma. Ina jin ta Yaya ce. Ka mayar da ita taka, ka kunna tsarin da sai an aiko maka da lamba a waya kafin a shiga.

Ban ce ka fi ƙarfin kowa ko kowa ya fi ƙarfinka ba. Mutanen nan ba su san ka ba, ba kuma sa zaɓe. Na'ura suke sakawa ta bi dubban sunaye tana gwada ƙofofi, wadda ta buɗe sai su shiga su ga abin da ke ciki. A shagonka abin da za su samu shi ne mutanen da in ka ce su aiko, za su aiko ba tambaya.

Maganar leƙe kuwa, na karɓa. Amma da zan sake gani, zan sake faɗa maka.

'Yarka, Naja'atu

*

Sabon Birni, tsakiyar kaka

Naja'atu,

Sallama. Muna raye. Innarki tana nan. Ni kam ban san mi za ni ce maki game da lafiyata ba.

Tun da na aika maki amsa ban ji daga gare ki ba. Na ce to, an yi wa tsoho magana ya ƙi, an share shi. Haka yaran yanzu suke. Na so in bar ki da fushinki, sai abin da ya faru ya sa na ɗauki biro.

Talatar da ta wuce na hau tudu. Na rubuta sunan, waya ta ce ba daidai ba. Na share na sake a hankali. Ba daidai ba. Na ce ko rana ce ta kashe mani ido, na koma ƙarƙashin aduwa na sake. Naja'atu, sunan ɗana, ni na zaɓa mashi, waya tana ce mani ba daidai ba. Na gwada shafin ciniki, haka. Layin hira ma ya fitar da ni. Na zauna nan har masu neman sabis suka watse.

Na ce ko matsalar Nijar ce. Sai shekaranjiya ga Sodangi. Kin san shi, aminina na Isa mai sayar da kanwa, shi ya yi wa yayanki wankan gawa da hannunshi. Ya biyo ayarin sojoji ya zo, ya shigo shago bai yi sallama ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna bisa buhu. Ya ce, "Malami, na tafi Sakkwato asibiti, ina kunna waya saƙo ya shigo daga layinka." Na ce to? Ya ce, "Ba ni iya faɗi. Riƙe."

Na kanga ga kunne. Yayanki ne. Ya yi sallama, ya faɗi sunanshi, ya ce Baba yana gaisuwa, sabon wake ya sauka, wanda ke so shi aiko da kuɗi ga sabon asusu don tsohon ya samu matsala.

Sodangi ya ce, "Ni na sa shi cikin likkafani, Malami. Ni na ɗaure." Na ce na sani. Ya ce, "To wa ke magana?" Na aje wayar bisa buhu.

Shi Sodangi ya san an yi rasuwa. Amma mutanen Maraɗi da na ƙauyukan can ba dut suka sani ba, don ban bi gida gida ina shela ba. Da yawa sun saba da yaron fiye da ni, shi ke kai masu kaya. Jiya wani Buzu da muka daɗe tare ya aiko ɗan'uwanshi yana tambaya yaushe mota za ta taso, ya riga ya biya. Na ce wa aka biya? Ya ce, "Ɗanka." Na cika mashi buhunanshi daga sitona, na ce shi tafi. Ba za a ce an biya gidan Malami an koma hannu wofi ba.

Ina hatimin takardar nan sai ga yaron uwarki da taki. Ta ce tun farkon kaka take ajiye cikin kwanon samira, hanya ta rufe, ba motar da ta yarda ta taso daga Isa. Na karanta tsaye. Katin memori. Ga masu sayar da shi nan bakin tasha, kullum ina wuce su.

Ban ce maki komai kan wannan ba. Ke kin san hanyar wagga kasuwa ta duhu. Shiga ki karɓo mani abina. Ko nawa ne za ni biya.

Kawunki

*

Kaduna

Kawu,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na samu takardarka ta hannun Is'haƙa, ya ce hanya ta ɗan buɗe. Ina fatan kana cin abinci. Mama ta ce Baba Sodangi ya gaya mata ka rame.

Ba za ni ɓoye maka komai ba. Kasuwar nan ba ta da mai unguwa, ba wanda zan je wurinsa in ce a maido. An sayar da tarin ga mutane da yawa, ban san wanda ya shiga naka ba, kuma mai yiwuwa ba a ƙasar nan yake ba.

Na bi hanyar da ta dace. Na rubuta wa kamfanin da ke riƙe da imel ɗin, na ce an ƙwace. Suka ce za su aika lamba zuwa wayar da aka buɗe shi da ita. Ta Yaya ce. Layin ya daɗe a mace, kuma ɓarayin sun riga sun sauya shi da nasu. Takardun shaida kuwa duk da sunansa ya cika, ba naka ba. Na aika takardar rasuwa da ta rajistar shago. Amsarsu ita ce ba za su iya miƙa ajiyar ga kowa ba, amma da shaidar damfarar da na haɗa za su iya rufe ta gaba ɗaya, ita da shafin, in kai mahaifinsa ka sa hannu. In an rufe, abin da ke ciki ya tafi. Ba su ba, ba mu ba.

Muryar da Baba Sodangi ya ji, ina jin farkonta tasa ce ta gaske, daga cikin tsofaffin saƙonnin da ya aika wa masu sayenka. Sauran na'ura ce. Akwai manhajar da in aka ba ta muryar mutum ta saurara, sai ta faɗi duk abin da aka rubuta mata da irin muryarsa. Muddin ajiyar tana hannunsu, suna da sunayen duk masu sayenka, suna aika musu daga adireshin da suka sani suka yarda da shi.

Kafin nan ka aika baki. A faɗa a masallaci da tasha da ranar kasuwa, a nan da Isa da Maraɗi, cewa duk saƙon da ya zo daga layinka ba naka ba ne. Ka je banki da kanka a canja maka komai. Ni kuma na kai ƙara inda ake kai irin wannan.

Ga takardar sa hannu nan cikin ambulan. Ba ni da bakin ce maka ka sa.

'Yarka, Naja'atu

*

Sabon Birni

Ɗiyata,

Sallama. Lafiya sai godiya. Na tafi banki Sakkwato, sun canja abin da za su canja. An yi shela ranar kasuwa. Na tsaya gaban mutane ina jin mai shela yana cewa kada a yarda da wayar Alhaji Malami. Wani ɗan kamasho da na taɓa kora ya ce da ƙarfi, "Ashe gwanin ma ana yi mashi awo da tiya mai rami." Aka yi dariya. Na bar shi, ranarshi ce.

Takardarki tana nan ban sa hannu ba. Ga dalili. Sun neme ni. Ina Sakkwato saƙo ya shigo sabon layina, ban san inda suka samo shi ba. Da Turanci, wani yaro ya karanta mani. Sun ce sun ga abin da ke cikin ajiyar, sun san darajarshi gare ni, in na biya za su maido mani da makulli. Har suka aiko da guda don in tabbata. Wanda yake ce mani taya ta fashe kusa da Kurawa, kada in jira shi cin tuwo. Na saurara sau guda, saƙon ya goge kanshi.

Naja'atu, waɗanda suka tare motar nan ba su ba ni zaɓi ba. Wasu iyaye an kira su an ce kawo kaza ka karɓi ɗanka, suka sayar da gona da shanu suka karɓo. Ni ba wanda ya kira ni. Na zauna da kuɗina cikin aljihu, gawa aka kawo mani. Yanzu an kira ni. Kina so in ce a'a?

Ina da sito, ina da mota. Ban tambaye ki ko daidai ne ba. Gaya mani yadda ake biyan irin kuɗin da suke so, don sun ce ba ta banki ba.

Kawunki

*

Kaduna

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna.

Na san yadda ake biya. Ba za ni gaya maka ba. Ka yi fushi da ni, ka ce wa Mama ba ta yi tarbiyya ba, na ɗauka.

Na ga masu biya da yawa a wurin aikina. In ka biya sun gane kana iyawa, sai su ƙara. Ko sun ba ka makulli, sun riga sun kwafi komai, kuma suna da wata ƙofar da suka bar wa kansu. Za su riƙa aiko maka da shi guntu guntu har sito ya ƙare. A duk tsawon wannan ciniki kuma shafin yana buɗe, Yaya yana yawo gidajen mutane yana roƙon abin da bai taɓa roƙa ba yana da rai.

Ka san shi fiye da ni. Ni abin da na sani, ya taɓa dawowa tun daga Isa a kan mashin don ya maido wa wata tsohuwa mudun wake da aka tauye mata.

Ka tambayi masu sayenka, ko wani yana da tsohon saƙonsa a waya.

'Yarka, Naja'atu

*

Sabon Birni, bayan an ɗauke amfanin gona

Zuwa ga ɗiyata Naja'atu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan idonki ya yi sauƙi. Mu nan lafiya. An maido da sabis, amma takarda na zaɓa, na saba da ita yanzu.

Na yi fushi da ke, kada ki ce ban yi ba. Har na nemi wani yaro a Maraɗi da aka ce ya san hanyar biyan. Ranar da za ni tafi wurinshi ina ɗaure jaka, sai ga Ardo Usmanu na rugar bayan Kurawa. Tsoho ne, shekara da shekaru nake ba shi dusa da rani. Shela ba ta kai rugarsu ba, suna can tsallaken iyaka da shanu. Ya ce ya sayar da bijimi ya aika, ya zo ɗaukar kaya. Kafin in buɗe baki ya kama hannuna da hannu biyu yana murmushi. Ya ce, "Alhaji, ashe ƙarya aka yi muna. An ce an kashe yaronka, na yi kuka, na yi sadaka. Sai ga muryarshi. Alhamdu lillahi. Ina yake in gan shi?"

Naja'atu, na yi wa mutane bayanin asara iri iri a rayuwata. Wannan ban san ta inda ake kama ta ba. Sai da na sake gaya wa tsohon nan rasuwar tun daga farko, ya sake yin kukan a gabana, ya sake yi mani ta'aziyya.

Da ya tafi na kwance jakar. Na sa hannu. Is'haƙa ya kai maki, kuma na ji kin aika, don na gwada neman shafin jiya aka ce babu shi. To. Ni na rufe, ba su ba. Ki rubuta wannan inda kuke rubuta irin namu.

Na bi shawararki na tambayi mutane. Ba abu ne mai sauƙi ba mutum kamata shi tsaya gaban ɗan kasuwa yana cewa ko kana da muryar wanga yaro. Wasu sun canja waya, wasu sun share don wuri ya cika. Ba wanda ya san za a nema. Abin da ya zo hannuna guda ne, wanda ɓarayin suka aika wa Sodangi. Ya bar mani wayar tashi gaba ɗaya, ya ce shi ba ya son ta kuma.

Kin ce farkon nashi ne, sauran na'ura. Na zauna cikin sito na saurara ban san iyaka ba, ina neman wurin ɗinkin. Ni da ke gane wake mai ƙwari daga ƙarar buhu. Ban gane ba. Dut ɗana nake ji, har wurin da yake roƙon kuɗin mutane.

Juma'ar nan innarki ta ji yara suna ihun sabis ya dawo. Ta zo bakin ƙofa ta ce, "Wayar nan tana da caji?" Na so in ce babu. Na ce mata zauna. Na gaya mata dut, da kasuwar duhu, da takardarki da ta kwana cikin kwano, da hannun da na sa. Ba ta ce don mi ba. Ta ce, "Ba ko guda?" Na ce akwai guda, amma an gauraya ta da ƙarya, ban so ki ji. Ta ce, "Kunna."

Wannan karon ba ta juya baya ba. Ya yi sallama, ya faɗi sunanshi, ya ce Baba yana gaisuwa. Sai ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya nan." Na tsayar. Ta ce, "Daga nan ba shi ba ne." Na ce ta yaya kika sani? Ta ce, "Shi in ya ambace ka sai ya ja numfashi kafin shi ci gaba. Tun yana ƙarami. Wancan ya zarce bai ja ba."

Na maido baya. Gaskiyarta. Ni ban taɓa lura ba.

Ga wayar nan cikin ƙyalle, na ba Is'haƙa amana hannu da hannu. Ki yanke daidai bayan gaisuwa, ki zubar da sauran. Ki sa a kati biyu, guda nata guda nawa. Ba ta da tsawo, kafin mutum shi gyara zama ta ƙare. Ki kula da almakashinku, innarki ta ce in akwai ko ɗan guntun numfashin a bar mata shi.

Allah shi yi maki albarka.

Kawunki, Malami